Ɗigo Biyu da Sanda

Ranar Lahadi da safe ina tsaye cikin bas a kan gadar Mohakhali a Dhaka, za ni aiki, ba gaba ba baya, lemar wani tana ɗiga min ruwa a takalmi, sai wayata ta yi ƙara. Rezaul bhai ne, manajanmu; a nan bhai, wato ɗan'uwa, muke liƙa wa sunan namiji don girmamawa. Ba ya kiran mutum kafin ƙarfe tara sai in wani abu ya lalace.

"Mokhles bhai, kana ina?"

"Inda nake kullum war haka. Kan gada."

"In ka iso kar ka zauna, ka wuce ofishina. Mutanen Rotterdam sun gano ɓaraka a jikin Tsoho."

Na ce to, na mai da wayar aljihu. Ban tambaye shi wace ɓaraka ba, don ina da huɗu ko biyar a raina, ban dai san wacce suka fara cin karo da ita ba.

Tsoho shi ne injin haɗi na kamfaninmu. Mutum sittin ne suke rubuta manhaja a bene na bakwai, kowa da ɗan yankinsa. Duk wanda ya gama nasa ya tura, Tsoho zai ɗauka ya haɗa da na sauran, ya gwada, ya rubuta rahoto. In komai lafiya, babban allon da ke bango ya yi kore. In wani ya yi ɓarna ya yi ja, kuma mai ɓarnar shi zai saya wa kowa singara, soyayyen ƙunshin fulawa mai dankali a ciki, da la'asar, haka al'adar take tun muna mu tara a wani ɗaki a Farmgate. Kamfanoni masu hankali sayen irin wannan injin suke yi, ko su ɗauki wanda duniya ke amfani da shi. Mu kuwa ni na rubuta namu da hannuna, shekara goma sha ɗaya da suka wuce, lokacin ina da gashi da ƙarfin hali. Yanzu babu wanda ya san cikinsa sai ni, kuma na daɗe da daina ɗaukar wannan abin alfahari.

Na sami Rezaul bhai ya juyo allon kwamfutarsa yana jirana. Mutanen Rotterdam Turawa ne masu kamfanin kantunan magani, fiye da rabin aikinmu nasu ne. Sun ɗauko wata mata ta binciki kayan aikin duk masu yi musu kwangila, ita ce ta turo takarda shafi uku har da hotuna.

Abin ba shi da wuyar ganewa, nan ne ma abin kunyar yake. Kowane rukuni yana da foldarsa a cikin Tsoho, inda ake ajiye rahotanninsa. In kana son rahoto, sunansa yana fitowa a layin adireshi da ke saman allo, Tsoho ya karanta sunan, ya shiga foldarku ya ɗauko maka. To a wurin kwamfuta, ɗigo biyu da karkatacciyar sanda na nufin a fita daga wannan foldar a hau wadda ke samanta. Ya kamata Tsoho in ya ga haka a cikin suna ya ƙi. Ban koya masa ƙi ba. Duk abin da aka rubuta masa bi yake yi, kamar ɗan aiken da ba ya tambaya. Ka sa sau biyu, ka fita daga foldarku ka isa ta maƙwabta. Ka sa sau huɗu, ka isa inda muke ajiye makullan shiga kwamfutocin kwastoma. Matar ta sa sau huɗu, ta ɗauki hoton makullan Rotterdam ta tura wa Rotterdam.

"Gyaran kwana nawa zai ɗauka?" in ji Rezaul bhai.

"Minti ashirin."

Ya cire tabarau ya dube ni. "Minti ashirin. Shekara goma sha ɗaya."

"Ba wanda ya tambaya, bhai."

"To yau an tambaya. Kuma ba gyaran kaɗai suke so ba. Suna so su san ko wani ya taɓa bin hanyar nan kafin matar. Ka fito min da rajistar shige da fice, tun daga farko."

Na riga na san abin da rajistar za ta ce.

Gyaran minti goma sha bakwai ya ci. Na canza makullan duka, sannan na sa aka tace min rajistar. Suna ɗaya ne ya fito, sau dubu uku da ɗari tara da goma sha biyu. Polash, wanda teburinsa ke jikin nawa, mutumin da ba ya ganin allon wani ya wuce, ya leƙo yana tauna gyaɗa.

"Kai, wannan ai ba ɓarawo ba ne, ɗan haya ne. Waye?"

"Aikinka ya ƙare ne?"

"Aikina yana jiran Tsohonka, kamar kullum."

Na rufe shafin. Kafin azahar mai sunan ta zo da kanta, da littafinta a hannu, ta tsaya a bayana.

"Mokhles bhai, hanyar nan taka ta toshe."

Da ƙarfi ta faɗa, ba don komai ba, haka muryarta take. Hanyar nan taka. Na ce mata a hankali ana gyara ne, Apa, ina zuwa.

Jebunnesa sunanta, amma kowa Jebu Apa yake cewa, wato Yaya Jebu, har mai kamfanin. Shekararta hamsin da huɗu, ita ce babba a masu gwaji. Ba ta rubuta manhaja, don haka ba ta taɓa sayen singara ba, amma in allo ya yi ja kowa ya ce ba ni ba ne, ita ce take bin rahotanni ɗaya bayan ɗaya har ta je ta tsaya a kan mutum ta ce masa ya fito da walat. Bas biyu take hawa daga Mirpur. Mijinta ya yi shekara huɗu a kwance tun da ɓarin jikinsa ya shanye, ita ce gidan. Tana da littafi mai jan bango da take rubuta komai a ciki da biro, da kwanan wata, kuma in ya cika ta sayi wani ta kwafe muhimman shafuka, wasu ma ta yanke su ta liƙa. Yara masu digiri suna yi mata dariyar littafin, har ranar da suka manta abu suka zo suna Apa, duba mana. A Dhaka babu wanda zai ɗauki mai gwaji 'yar hamsin da huɗu aiki, alhali 'yan ashirin da uku sun yi layi har bakin titi. Ita ta san haka, ni ma na sani.

Ga yadda aka yi ta san hanyar. Shekara shida da suka wuce, ranar Alhamis ta ƙarshe kafin hutun babbar Sallah, allo ya yi ja. Tana buƙatar ganin rahoton wani rukuni da ba nata ba, Tsoho ya ce ba ta da izini. Ta cika fom ɗin neman izini a kwamfuta yadda doka ta ce, fom ɗin kuwa wurina yake zuwa. Kafin in ba ta, sai na ƙirƙiro sabon matakin izini, aikin kamar rabin awa. Ni kuma jakata tana ƙarƙashin tebur, iyalina suna jirana a Sadarghat za mu hau jirgin ruwan Barisal, kuma kowa ya san abin da hanyar Sadarghat take zama jajibirin Sallah. Ta zo ta ce ta tura buƙata. Na karɓi bironta, na buɗe littafinta, na rubuta mata ɗigo biyu da sanda, ɗigo biyu da sanda, sannan sunan rukunin.

"Ki sa wannan a sama, Apa. Ki lallaɓa da shi, in na dawo daga Sallah zan yi miki na gaskiya."

Ta gwada, ya buɗe, ta sa min albarka. Na kama jirgi. Da na dawo akwai wasu ayyukan, ita kuma ba ta sake magana ba tunda abu yana aiki. A ofishinmu haka ake yi. In ƙofa ta yi wuyar buɗewa, wanda ya sani ya nuna maka taga, kuma ana ɗaukar wannan kirki ne.

Ranar Talata Rezaul bhai ya sake kirana. Ya buga rajistar a takarda, ya ja layi da jan biro a ƙarƙashin wani wuri. Ya yi kama da wanda bai yi barci ba, amma shi kullum haka yake kama.

"Suna son suna kafin Alhamis ta ƙare," ya ce. "In babu suna, kamfanin ne gaba ɗaya bai san abin da yake yi ba, su dakatar da kwangila. In akwai suna, ma'aikaci ɗaya ne ya wuce gona da iri, an ɗauki mataki, a ci gaba."

"Rahoto kawai take karantawa, bhai. Aikinta take yi."

"Sau dubu uku da ɗari tara da sha ɗaya, na yarda. Wannan ɗayan fa?"

Ya turo min takardar. Watan Maris, shekara uku baya, ɗigo biyu da sanda sau huɗu. Fayil ɗin makullai.

Na tuna ranar sarai. A wurin mai shayin ƙasan bene ta same ni, ta ce hannunta ya zarce ta ƙara ɗigo, sai wani shafi ya buɗe mai haruffa barkatai. Ba ta gane shi ba, amma bai yi mata kama da abin da ya kamata ta gani ba, sai ta rufe. Na ce Allah ya saka da alheri, Apa, zan toshe shi cikin satin nan. Har shayinta na biya ranar, don na ji daɗin kaina.

"Bhai," na ce, "ni na nuna mata hanyar."

Ya tashi ya tura ƙofa, ya dawo ya zauna a gefen tebur.

"Waye a benen nan ba ka taɓa nuna wa wani abu ba? Ni ma ka nuna min abubuwa. Ba hira nake tambaya ba. Akwai a rubuce? Ta taɓa neman izini ta hanyar da ta dace?"

"Sai na duba."

"Ka duba. Amma ka san in sunanka ya je Rotterdam, ranar za su ce a cire hannunka daga Tsoho. Wa zai riƙe shi? Polash?" Ya yi wata 'yar dariya ta hanci. "Ba kare ka nake yi ba, kar ka ji daɗi. Da akwai mutum biyu da suka san cikin abin nan, da tuni mun yi wata maganar."

Ban duba ba. Ba mantuwa na yi ba, wannan karon. Fom ɗin yana nan, na san yana nan, shafi biyu ko uku ne tsakanina da shi, kuma muddin ban buɗe ba ina iya cewa ban gani ba. Shekarata arba'in da shida, 'ya'yana mata biyu suna makaranta. Duk abin da na iya a duniya Tsoho ne, kuma babu wani Tsoho a wani wuri da ke jiran in zo. Tsoro na ji, tsoro na gaske, irin wanda yake sa mutum ya zauna yana gyara abin da bai lalace ba har a tashi daga aiki.

Ranar Laraba aka kira ta ofishin ma'aikata. Ta daɗe a ciki. Da ta fito ba ta koma teburinta ba, ta same ni a matakalar baya, inda muke tsayawa shan shayi in ruwa ya hana sauka ƙasa. Ta tsaya mataki ɗaya ƙasa da ni, ta gyara mayafinta.

"Sun ce gobe zan yi magana da Turawa."

"Na ji, Apa."

"Yarinyar nan ta ofishin ma'aikata, sa'ar 'yar ƙanwata, ta ce min in kwantar da hankali in faɗi gaskiya. Na ce mata ai ban tanadi wata ba." Ta karɓi kofin da na miƙa mata, ba ta sha ba. "Mokhles bhai, tambaya ɗaya zan yi maka, don kai ne ka sani. Abin nan da ka nuna min, tun ranar laifi ne, ko ranar Lahadin nan ya zama laifi?"

"Tun ranar, Apa."

Ta gyaɗa kai a hankali, kamar yadda take yi in ta gano layin da ya jawo ja.

"To. Da ma ina so in sani ne. Shekara shida ina shiga inda bai kamata ba, ina gaishe da mutane da safe."

"Ba ki san laifi ba ne."

"Kai ka sani."

Ruwa yana dukan tagar matakalar, ƙasa ana ta hon kamar hon ya taɓa matsar da mota.

"Gobe za ka kasance a wurin?" ta ce.

"Zan kasance."

"Shi ke nan. Hankalina ya kwanta."

Ta shanye shayin, ta miƙo min kofin, ta hau. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi.

Alhamis ƙarfe uku muka shiga ɗakin taro, lokacin da su can safiya ce. Mu huɗu ne: ni, Rezaul bhai, yarinyar ofishin ma'aikata, da Jebu Apa. Ta sa sari, zanenta mai ruwan toka wanda take sawa in manyan baƙi za su zo. Littafin yana kan cinyarta. Na san shafin yana ciki, don na taɓa ganinsa a liƙe a bangon baya, da rubutuna mai kama da tafiyar kaza da kwanan wata a hannunta.

A allo akwai maza biyu da matar da ta yi binciken. Ba mugaye ba ne, sun ma gaishe ta da ladabi. Matar ce ta yi yawancin tambayoyin. Jebu Apa ta amsa da Turancinta na makarantar da, a tsanake. E, ita ce. E, kusan kullum. Don karanta rahoton wasu rukunoni. E, sau ɗaya ta ga wancan fayil ɗin, ta rufe.

"Ta yaya kika san hanyar?" in ji matar.

Jebu Apa ta ɗago kai. Ta juyo ta dube ni. Ba harara ba ce, kallon wanda ya riƙe maka ƙofa ne yana jira ka wuce. Na ji ƙarar na'urar sanyaya ɗaki, na ji wani yana dariya a can waje. Ina cikin haɗa kalmar farko, ko dai ina gaya wa kaina cewa haɗawa nake yi, sai Rezaul bhai ya ce ai wannan sanannen abu ne a wurin masu gwaji, duk wanda ya daɗe a aikin zai iya gano shi da kansa. Matar ta rubuta wani abu.

Sannan ta juyo kaina.

"Kai ne mai kula da injin. Akwai wata buƙatar izini daga gare ta a rubuce? In akwai, maganar ta canza. Ya zama ta nema ba a ba ta ba."

Ta ma buɗe min ƙofar da kanta, baiwar Allah. Na kalli kyamara, don ya fi sauƙi a kan kallon gefe.

"Ban ga wata buƙata ba," na ce.

Kowace kalma a ciki gaskiya ce, na auna su tun ranar Talata. Ta gefen ido na ga Jebu Apa ta ɗora hannu biyu a kan littafin. Na jira ta buɗe. Wallahi wani ɓangare na zuciyata so yake ta buɗe, a yi ta ta ƙare, wani ya yi min abin da na kasa. Ba ta buɗe ba. Taron bai kai minti ashirin da biyar ba, suka yi godiya, allon ya mutu.

Ba korarta aka yi ba, a takarda. An ba ta wata takarda ta sa hannu cewa ita ce ta ajiye aiki don kula da maigidanta. Rezaul bhai ya ce wannan ya fi mata mutunci, kuma ina jin har ransa ya yarda da hakan.

Ƙarfe huɗu da 'yan mintoci sai ga ta ta fito daga lifta da manyan ƙunshi biyu, mai ya jiƙa takardar. Ta ajiye a kan teburin da ke ƙarƙashin allo, inda ake ajiyewa kullum. Ƙamshin dankali da yaji ya cika benen, mutane suka fara ɗago kai.

"Apa, allon kore ne fa," in ji Polash. "Ko idona ne?"

"Idonka lafiya lau. An ce ni na yi ɓarna, kuma al'ada al'ada ce. Ku zo ku ci."

"Shekara goma kina sa mu saya, yau ɗaya kin saya za mu bari? Matsa min." Ya ɗauki biyu. Sai da ya kai ɗaya baki ya lura da kwalin da ke kan teburinta, da kofinta da hoton mijinta a ciki. Ya tsaya da taunar.

Labarin ya zaga benen kafin singarar ta ƙare. Wasu suka je suka rungume ta, wata yarinya ta yi kuka. Ni ina zaune ina kallon allona, ba na ganin komai a kai. Ta zo da guda ɗaya a kan 'yar takarda, ta ajiye kusa da hannuna.

"Naka."

"Apa." Na rage murya. "Me ya sa ba ki buɗe littafin ba?"

"So ka yi in buɗe?"

Na mai da idona kan singarar.

"Rubutunka ne, Mokhles bhai. Bakinka ya kamata ya karanta shi, ba nawa ba." Ta gyara kwalin a ƙugunta. Babu fushi a muryarta, gajiya ce kawai, irin ta wanda ya sauko daga bas na biyu. "Cewa na yi a raina, shekara shida na jira ka, minti goma ba za su kashe ni ba."

"Zan yi wa Rezaul bhai magana. Zan gyara."

"Cikin satin nan?"

Ta ɗan yi murmushi, ta ce in ci tun da zafi, ta tafi. Littafin yana saman kwalin. Mai gadi ya so ya karɓa don dokar kamfani, na ji tana gaya masa a bakin lifta cewa da kuɗinta ta saya.

Juma'a da Asabar na kwana na tashi, na kai yara wurin kakarsu, na gyara famfon banɗaki. Matata ta tambaye ni ko ba ni da lafiya, na ce aiki ne. Ta ce shekara goma sha ɗaya ke nan aiki ne.

Ranar Lahadi na riga kowa zuwa, don ruwa bai sauka ba kuma gadar ta yi kirki. Na zauna na buɗe shafin buƙatun izini. Guda ɗari biyu da goma sha huɗu ne suke jirana. Na wuce shafi na farko, na wuce na biyu. Tata ce ta ƙarshe a na uku, mafi tsufa a cikinsu duka, da kwanan watan jajibirin Sallar nan, ƙarfe uku da minti hamsin.

Ta rubuta: "Ina roƙon izinin karanta rahotannin sauran rukunoni, don in riƙa gano dalilin ja. In ba takura. Na gode." A ƙasa injin ya sa: yana jiran Mokhlesur, wato ni.

Na daɗe ina kallonsa. Sannan na yi abin da ya kamata in yi kafin in kama jirgin Barisal. Na ƙirƙiro matakin izinin, na sa masa iyaka yadda mai shi zai ga rahoto kawai ba zai ga makulli ba, na gwada shi sau biyu. Ban yi gaggawa ba, na yi shi da kyau, mai yiwuwa ya fi duk abin da na rubuta a jikin Tsoho kyau. Minti ashirin da shida ya ɗauka. Na koma kan buƙatarta, na danna amincewa.

Tsoho ya ɗan yi tunani, sannan ya rubuto: babu ma'aikaci mai wannan suna.

Na ɗauki hoton shafin. Na buɗe sabon imel, na sa adireshin matar Rotterdam, na rubuta gaisuwa, na liƙa hoton. Ina zaune da hannu a kan madannai mutane suka fara shigowa, ana ajiye jakunkuna, ana kunna fitilu. Ban san ko minti nawa na yi a haka ba. Sai na ji benen ya yi tsit, na ɗaga kai, allon bango ya yi ja.

"Mokhles bhai," in ji Polash, bai ko dube ni ba. "Ja ne. Rukuni uku sun ce ba su ba ne, kuma ba mai iya ganin rahoton wani. Wa zai duba mana?"

Na ajiye imel ɗin a cikin waɗanda ba a tura ba tukuna. Na ce masa ina zuwa.